A bar sufayen Luang Prabang su karɓi sadakarsu cikin natsuwa

Akwai wani hoto da kusan duk mai yawo a intanet ya taɓa cin karo da shi, ko da bai san inda aka ɗauke shi ba. Jerin maza ne masu askakken kai, sanye da mayafi ruwan goro, babu takalmi, kowa rataye da kwanonsa, suna tafe a layi ɗaya da sanyin safiya, ga wata tsohuwa durƙushe a bakin hanya tana zuba musu abinci. Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallata kansu da shi, masu otal suna kafa shi a bango, masu ɗaukar hoto suna shiga gasa da shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan hotuna na sufayen addinin Buddha daga gari ɗaya suke fitowa, wato Luang Prabang da ke arewacin ƙasar Laos. Ra'ayina shi ne yadda ake ɗaukar hoton nan a yau cin zarafin masu ibada ne, kuma mu da muke gani muna yabawa muna turawa gaba ba mu kuɓuta daga laifin ba.

Sai an san abin da ake yi a kan titin nan kafin a gane girman ɓarnar. Tsohon garin yana kan wani ɗan siririn tudu ne inda kogin Nam Khan ya faɗa cikin kogin Mekong. Nan ne sarki Fa Ngum ya kafa daular Lan Xang a 1353, kuma nan fadar sarkin Laos take har zuwa 1975 da 'yan gurguzu suka kawar da sarauta. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. A cikinsa akwai gidajen ibadar addinin Buddha sama da 30, irin su Wat Xieng Thong da Wat Mai da Wat Sene, kowanne da sufayensa, wato mazan da suka bar gida suka keɓe kansu don ibada, da yara masu koyo.

Sufayen nan mabiya tafarkin Theravada ne, irin na Tailan da Myanmar da Kambodiya da Sri Lanka. Cikakken sufi yana ɗauke da dokoki 227, yaro mai koyo kuma yana da 10. Daga cikin dokokin, ba a cin abinci daga tsakar rana har wayewar gari. Cikakken sufi ba ya haƙa ƙasa, ke nan ba ya noma, ba ya ajiye abincin yau don gobe, kuma ba ya cin abin da ba a miƙa masa ba. Saboda haka cikinsa yana hannun mutanen unguwa, kowace rana. Tun zamanin Buddha kansa, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, haka tsarin yake: sufi ya fito da safe da kwanonsa, jama'a su ciyar da shi, shi kuma ya tsare musu karatu da koyarwa.

A duba yadda mace ɗaya take shirya wa wannan fita. Tun dare ta jiƙa shinkafarta mai danƙo. Kafin gari ya waye ta tashi ta hura wuta, ta turara shinkafar a kwandon gora, ta juye ta cikin ɗan ƙaramin kwando mai murfi. Ta yi wanka, ta ɗaura zane, ta rataya gyale a kafaɗa kamar yadda ake yi idan za a shiga wurin ibada. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta cire takalmi, ta durƙusa. Kafin sufayen su iso sai ta ɗaga kwandon zuwa goshinta, ta ƙudurta niyyarta a zuci, sau da yawa da sunan uwa ko uba da suka rasu. Idan layin ya zo, babba a gaba, ƙanana a baya, kowane sufi zai ɗan buɗe murfin kwanonsa ba tare da ya tsaya sosai ba, ita kuma ta gutsiro loma ta jefa, ta gutsiro ta jefa, hannunta yana aiki da sauri don kada wani ya wuce ta. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta taɓa shi ko da gefen mayafinsa. Shi ma ba ya roƙo, ba ya cewa an gode, domin a fahimtarsu ita ce ta ci riba, ita ta samu lada. Bayan sun wuce wasu sukan zuba ɗan ruwa a ƙasa a hankali, alamar sun miƙa ladan ga mamatansu. Duk abin a cikin shiru ake yin sa. Shirun ma wani sashe ne na ibadar.

To yanzu a kawo baƙi a zuba a wannan wuri. Tun da duhu ƙananan motocin safa suke sauke mutane a titin Sisavangvong da titin Sakkaline. An jera ƙananan kujerun roba tun daga wannan kusurwa har waccan, kowace da kwandon shinkafa da 'yan ƙunshin biskit da alewa a gabanta, an riga an biya kuɗinsu cikin kuɗin yawon. Ana ɗaura wa baƙo gyale, a zaunar da shi, abokin tafiyarsa ya tsaya a gabansa da waya yana jiran sufi ya shigo cikin hoto. Waɗanda ba su zauna ba suna tsakiyar titi. Wani yana tafiya da baya a gaban layin, bakin kyamararsa kamu ɗaya daga fuskar yaro ɗan shekara 12. Wani ya kunna fitilar kyamara a idon mutumin da ya fito daga ɗakin ibada mai duhu. Wata ta juya wa layin baya ta ɗaga waya sama don fuskarta ta fito tare da su. Ana hira da ƙarfi, ana kiran juna, ana dariya.

Hukumomin garin da shugabannin sufayen sun daɗe suna kafa sanarwa da harsuna daban-daban. Abin da suke nema ba shi da wuya: a tsaya nesa, kada a kunna fitilar kyamara, a rufe kafaɗa da gwiwa, kada a tsaya a wurin da ya fi kan sufaye tsawo, kada a katse layi, kada a ba da sadakar sai idan tana da ma'ana a zuciyar mai bayarwa, kuma kada a sayi shinkafar da ake talla a bakin titi domin ba a san ingancinta ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Sufi ba ya zaɓen abin da za a zuba masa. Idan baƙo ya sayi shinkafar da ta kwana, ko aka cika kwanon da alewa da biskit, abin da ya shiga kwanon ke nan, kuma mutumin nan ba zai ci komai ba bayan tsakar rana. Shi ya sa za a ga sufaye suna rage abin da ya yi musu yawa cikin kwanduna a bakin hanya, ko su miƙa wa yaran talakawa da ke durƙushe can gaba suna jira. Tun da aka buɗe layin dogon da ya haɗa Laos da China a Disamban 2021, tafiya daga babban birni Vientiane ta koma ta kimanin awa biyu, baƙi suka ƙaru, titin kuwa bai ƙara faɗi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton da ake fitarwa daga wannan hayaniya ƙarya yake faɗa. Mai hoton yana tsaye cikin mutum ɗari masu waya, amma sai ya karkata kyamararsa yadda babu ko ɗayansu da zai fito. Ya yanke motocin, ya yanke kujerun roba, ya bar sufi da tsohuwa da bangon gidan ibada. Ya sa hoton a Instagram ya rubuta a ƙasa cewa ya ga natsuwar da ba ta canja ba tun ƙarnuka. Wanda ya gani a Faris ko Shanghai ko Abuja sai ya ji shi ma yana son ya je ya tsaya a wannan shiru, ya sayi tikiti, ya zama mutum na ɗari da ɗaya. Hoton yana sayar da natsuwar da ɗaukarsa ta riga ta kashe, kuma kowane sabon hoto yana jawo wanda zai ƙara kashe ta.

A Myanmar abin ya ma wuce haka. A garin Amarapura kusa da Mandalay akwai babbar makarantar sufaye ta Mahagandayon, inda fiye da mutum dubu suke karatu. Da hantsi sukan jeru su shiga ɗakin cin abinci, cin su na ƙarshe a ranar. Kafin juyin mulkin soja na 2021 ya rage baƙi, wannan lokaci ya zama zango a jadawalin kamfanonin yawon buɗe ido: a sauke mutane, su yi dafifi a gefe biyu na hanyar, wasu har su leƙa ta taga suna ɗaukar mutum yana kai loma baki. A Bagan kuma, wurin dubban tsofaffin gine-ginen ibada, sanannen abu ne cewa ana shirya hoton tun daga tushe. A ɗauko ƙananan yara masu koyo, a ba su jar laima su riƙe, ko a zaunar da su gaban gunki da kyandir a hannu, a tayar da hayaƙi don hasken da ke shigowa ta taga ya fito sosai, masu kyamara su jeru su ɗauka. Daga baya hoton ya fito a matsayin wai an ci karo da yaron yana ibada. Yaron kuwa aiki aka sa shi, ba ibadarsa yake yi ba.

Maganar yaran nan ce ta sa nake ganin abin ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan waɗanda ke cikin layin Luang Prabang ba dattawa ba ne, yara ne da samari. Da yawansu 'ya'yan manoma ne daga ƙauyuka masu nisa, waɗanda iyayensu suka kawo gidan ibada saboda nan ne za su samu wurin kwana da abinci da makaranta. Wasu za su zauna cikin mayafin har tsufa, da yawa kuma za su cire shi idan sun gama karatu su nemi aiki. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan yaron da aka raba da gida aka kai shi neman ilimi, yana fita da kwano. Tsarin biyu ba ɗaya ba ne, domin can unguwa ce take fitowa ta jira su da abinci a kan ƙa'ida, nan kuwa mun bar namu suna bi gida gida. Amma ta wajen kyamara ƙaddararsu ɗaya. Mun ga yadda ake ɗaukar hoton almajiri a Kano ko Zariya ko Maraɗi, a matso har fuskarsa, a tabbatar robar ta fito, a buga a rahoto ko a jarida, ba a tambaye shi ba, ba a tambayi malaminsa ko mahaifinsa ba, ba a ma san sunansa ba. Namu ana ɗaukarsa don a nuna wahala, nasu don a nuna kyau, amma duka biyun an mai da yaro kayan aikin wani. Wanda ransa ya ɓaci da na farko ba shi da hujjar yin murmushi ga na biyu.

Na san akwai mai karatu da zai ce, mu Musulmi ina ruwanmu da mutuncin sufayen Buddha, bayan abin da aka yi wa Musulmi 'yan Rohingya a Myanmar? Ba zan raina wannan tambaya ba. Daga Agustan 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere daga jihar Rakhine zuwa Bangladesh, kuma kowa ya san cewa akwai sufaye irin su Wirathu na Mandalay da suka shafe shekaru suna hura wutar ƙiyayya ga Musulmi. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Sai dai yaron da ke tafiya ba takalmi a Laos ba shi ya ƙona ƙauyen kowa ba, kuma mu ne muka fi kowa sanin zafin a ɗora wa mutum laifin wani don kawai addininsu ɗaya. Ni ban yarda da aƙidarsu ba, ba kuma sai na yarda da ita ba kafin in ce a bar mutum ya yi abin da ya ɗauka ibada ba tare da an cusa masa waya a fuska ba. Mu da tun muna yara aka hore mu kada mu gitta gaban mai salla, mun san cewa akwai iyaka a kewayen mai ibada ko da ba a ja ta da alli ba. Wani abin kuma, hoton tallan yawon buɗe ido shi ma yana taimakawa wajen ɓoye irin su Wirathu. Idan an saba wa duniya da ganin sufi a matsayin adon bango mai murmushi, ba za ta iya ganinsa a matsayin mutum mai ra'ayi da siyasa da iya aikata alheri ko sharri ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta kuɗi. Laos ƙasa ce matalauciya, bashi ya yi mata katutu, kuma baƙin nan su ne cin abincin mai otal da direba da mai wanki da matar da ke tallar shinkafar. Ba na ganin laifin matar nan kamar yadda wasu marubutan Turai suke gani. Tana da yara, ta ga kasuwa, ta shiga. Amma a lura da inda kuɗin yake tafiya da inda nauyin yake sauka. Ribar tana hannun kamfanin da ya sayar da kujerar, wahalar tana kan wanda dokarsa ta ce kada ya karɓi kuɗi, tarbiyyarsa kuma ta hana shi ɗaga murya ya ce a matsa. Ga wata asarar da ba a lissafawa: tun da tsohon gari ya yi daraja, iyalai da yawa sun ba da hayar gidajensu an mai da su masauki da gidajen abinci, sun koma bayan gari. Su ne masu fitowa da tabarma. Duk gidan da ya zama otal, an rasa ƙofa ɗaya da ake ciyar da sufaye don lada, an samu baƙi ashirin da za su ciyar da su don hoto.

Kada a fahimce ni da cewa kyamara haramun ce a kusa da sufi. Tarihi ya nuna akasin haka. A ranar 11 ga Yunin 1963, ɗan jaridar Amurka Malcolm Browne ya ɗauki hoton sufi Thich Quang Duc lokacin da ya cinna wa kansa wuta a Saigon, babban birnin Vietnam ta Kudu a lokacin, don nuna adawa da yadda gwamnatin Ngo Dinh Diem take danne mabiya Buddha. Sufayen ne da kansu suka sanar da 'yan jarida su zo, domin suna son duniya ta gani. A Satumban 2007, da dubban sufaye suka fito kan titunan birnin Yangon na Myanmar suna adawa da mulkin soja, wasunsu sun kifa kwanukansu, alamar sun ƙi karɓar sadaka daga sojoji da iyalansu, hotuna ne suka fitar da labarin, kuma ɗan jaridar Japan Kenji Nagai ya rasa ransa a kan titi da kyamara a hannu. A can sufayen ne suke da magana, kyamara ta ɗauke ta ta kai nesa.

A Luang Prabang ɗin ma akwai abin da ya kamata duk mai zuwa da kyamara ya sani. Sufayen garin sun fi shekara ɗari suna ɗaukar hoto suna kuma tara shi. An gano dubban hotuna a ajiye a gidajen ibada, cikin akwatuna da kabad, wasu tun zamanin mulkin Faransa, da yawa daga ciki a wurin babban malaminsu Phra Khamchan Virachitta wanda ya rasu a 2007. Tare da wani Bajamushe mai ɗaukar hoto, Hans Georg Berger, da tallafin Laburaren Birtaniya, aka tattara su aka adana a wata ma'ajiya a garin. A cikinsu akwai ranar shigar yaro sufanci, da jana'izar manyan malamai, da ɗalibai a aji, da sufi zaune ya gyara mayafinsa yana kallon kyamara kai tsaye don ya san ana ɗaukarsa kuma ya yarda. Sau da yawa an rubuta suna da shekara a bayan hoton. Mutanen nan ba baƙin kyamara ba ne, sun san yadda suke so a gan su. Shi kansa Berger shekaru ya yi yana aiki da su, yana nuna musu abin da ya ɗauka, suna faɗa masa abin da ya dace da wanda bai dace ba. Ke nan hanyar tana nan, tsawo ne da ita kawai, kuma mai kwana biyu a gari ba ya son doguwar hanya.

Abin da nake nema ga mai tafiya kaɗan ne, ko Bature ne, ko ɗan China, ko ɗan kasuwarmu da ya je Bankok sayo kaya ya ga sufaye suna wucewa da safe a ƙofar masaukinsa. Ya tsallaka ɗaya gefen titi, ya zauna ƙasa, ya kashe fitilar waya da ƙararta. Idan hoton ba zai yi kyau daga nan ba, to ya haƙura da shi, babu wanda ya bi shi bashin hoto. Idan fuskar mutum yake so, ya jira hantsi ya shiga gidan ibada ya yi sallama ya tambaya. Da yawa daga cikin samarin suna koyon Turanci kuma suna son mai yi musu hira, wanda ya yarda ya yarda, wanda ya ƙi an bar shi. Idan yaro ne ƙarami, babban gidan ake tambaya. Idan kuma an shirya hoton ne, a rubuta a ƙasa cewa shiryawa aka yi.

Amma ba na yaudarar kaina cewa ladabin mutum ɗaiɗai zai isa, domin sanarwar nan ta shekara da shekaru a kafe kuma abin gaba yake yi. Kamfanin da ke sayar da kujera a layin sadaka lasisi yake da shi, kuma wanda ya ba da lasisi yana iya karɓewa. Ana iya hana motocin baƙi shiga titunan nan har sai layin ya wuce, a ware gefe ɗaya na titi ga masu kallo, a ci tarar jagoran da mutanensa suka tsallake. Masu shirya gasar hotuna da editocin mujallun tafiye-tafiye su riƙa tambayar yadda aka samu hoto kafin su ba shi kyauta, kamar yadda ake tambayar mai hoton namun daji ko ya sa tarko. Sannan idan za a zauna a tsara dokar, kada a bar ta a hannun ofishin yawon buɗe ido da masu otal kaɗai. Shugabannin gidajen ibadar da matan unguwa masu dafa shinkafar su ne za su faɗi ta wace hanya layin zai bi, da ƙarfe nawa, da inda baƙo zai tsaya, kuma idan suka ce akwai ranakun da ba sa son kyamara ko ɗaya a titi, a rufe titin a ranakun.